Allon Kantin Hing Loong

Tun da matata Philomena ta rasu na kasa zama wuri ɗaya. In haɗa shayi in manta da shi, in buɗe littafi in yi ta maimaita layi guda, in fita sayen burodi in tsinci kaina a bakin teku ina kallon laka. Bakin tekun garinmu Cairns laka ce, ko me hotunan masu yawon buɗe ido suka nuna maka. Na koyar da adabin Turanci a sakandare har gashin kaina ya ƙare, na karanta abin da manyan marubuta suka faɗa game da mutuwar mata, amma ban ga wanda ya ambaci cewa mutum zai rasa inda zai ajiye ƙafafunsa ba.

Abu ɗaya ya rage in yi mata, shi ne dutsen kabari. Dutse ɗaya ne namu mu biyu, sunanta a gefe, nawa a gefe yana jirana. Bruno Pavan ne zai sassaƙa shi, tsohon ɗalibina da bai taɓa gama rubuta insha'i ba, yanzu kuma rubutunsa ne kaɗai ba ya gogewa a garin nan. Ya gama ɓangaren Turanci. Saura sunan gidanmu da rubutun Sinanci, kuma yana son a ba shi kafin ranar sharar kaburbura, lokacin da dangin Philomena za su cika maƙabarta da gasasshen naman alade da turare da tsegumi.

Ni ban ga matsala ba. Sunana Cedric Hing Loong. Ubana bai koya mana Sinanci ba, domin ya ƙudura cewa 'ya'yansa za su fi Turawa zama Turawa, amma ya gaya mana ma'anar sunanmu. Hing, tashi. Loong, dodon nan namu mai jikin maciji da ƙaho da farata, wanda sarakuna ke sawa a riga. Dodo mai tashi. Harafin loong kaɗai na sani a duk rubutun Sinanci, kuma na san shi sosai, domin yana jikin allon kusan kowane gidan abincin Sinawa daga nan har Brisbane. Na zana wa Bruno shi a takarda da hannuna.

Sai yayar Philomena, Bernadette Seeto, ta ga takardar.

Bernadette ta haura tamanin. A garin Rabaul, can wata ƙasa a ƙetaren teku, aka haife su ita da ƙanwarta, inda suke zuwa makarantar 'yan coci da safe, da yamma kuma wani tsoho ya koya musu Sinanci da bulala. Ba ta taɓa yin aure ba, abin da har yau nake ɗauka rahama ce ga wani bawan Allah da bai san an cece shi ba.

"Malam," ta ce. Haka take kirana, kuma ba don girmamawa ba. "A ina ka samo wannan?"

"Sunana ne, Yaya."

"Na san sunanka. Na ce a ina ka samo harafin?"

"A ko'ina yake."

"Kaji ma a ko'ina suke." Ta ninke takardar ta sa a jaka. "Ba za a taɓa dutsen ƙanwata ba sai ka je ka ga yadda kakanka ya rubuta. Allon kantinsa yana nan a Orla, ko ba haka kake cika mana baki ba? Gobe ka zo ka ɗauke ni. Kuma ka wanke motar."

Ban yi gardama ba, abin da ya ba mu mamaki mu duka. Gaskiya ko rijiya aka ce in tuƙa mota in je in leƙa, da na tafi. Gidan ya ishe ni.

Muka bi ta gonakin rake, muka hau tudu ta hanyar nan mai lanƙwasa wadda ke juya wa mutum ciki. Bernadette ta zauna a gaba da sandarta tsakanin gwiwoyi, tana karanta duk allon Sinancin da muka wuce da ƙarfi, kamar mai duba jarrabawa. Na wani gidan abinci ta ce kwamfuta ce ta rubuta, ba rai a ciki. Na wurin masu tausa ta ce ba za ta fassara ba. A wani gari an kafa zakuna biyu na siminti a ƙofar wani sabon otal, ta sa na rage gudu don ta harare su.

"Sun juya su. Namiji mai ƙwallo a wancan gefen ya kamata ya zauna, mace mai ɗa a wannan. Sun sa uwar gida a kujerar mai gida."

"Ashe a gidanku suka koya."

"Tuƙa, Malam. Kana tuƙi kamar mai karanta waƙa."

Na tsaya sau da yawa ba dalili. In duba taya, in sayi ruwan da ba na sha, in miƙe ƙafa. Ita ba ta fita, sai dai ta bi ni da ido ta gilashi.

"Haka kake yi a gida?" ta tambaya da na dawo karo na ƙarshe.

"Haka me?"

"Kamar kare mai neman inda zai kwanta."

Na tayar da mota.

Orla garin kuza ne, kuma kuzar ta ƙare tun kafin a haife ni. Titi ɗaya ne mai faɗi, an yi shi don amalanken shanu su iya juyawa, yanzu ba abin da ke juyawa a kai sai iska. A ƙasan gari, kusa da rafi, nan unguwar Sinawa take a da. Gara ta ci rabi, gobara ta ci rabi, hukumar gari ta kafa allo mai hoto tana alfahari da abin da ya rage. Ɗakin bautarsu na kwano yana nan a kulle. Rabona da garin tun ina yaro, lokacin da ubana ya kawo mu a motar haya, ya nuna mana kantin daga nesa, ya ce kada mu taɓa komai.

Kantin yana nan, katako da kwano, ya ɗan jingina gefe kamar tsohon da ke sauraron magana. Bayansa wani ƙaton mangwaro cike da jemagu suna reto, suna faɗa, suna wari. A saman ƙofa, inda na tuna allon yake, sai na ga wani sabo da Turanci: kayan da, shayi da biredi.

Na tsaya a tsakiyar titi.

"Sun ƙone shi," na ce.

"Shiga ka tambaya. Kai komai sai ka fara da jana'iza."

Mai kantin wata mata ce ja mai faɗi, sunanta Raelene a rubuce a ƙirjin rigarta. Tana sayar da tsofaffin kwalabe da dutsen guga na gawayi da fitilun masu haƙa, duk abin da kakanninmu suka jefar da murna. Da na faɗi sunana sai ta dafe ƙirji.

"Kai! Hing Loong na gaske? Baba, ai ni na ɗauka sunan kanti ne kawai!"

Bernadette ta yi tari.

"Allon yana baya," in ji Raelene. "Na sauke shi saboda rana. Ku zo, amma ku kula da kanku, jemagun nan ba su da kunya."

A rumfar baya ta rataye shi, a saman wata ƙofa da ke kaiwa bayan gida. Baƙin katako ne mai tsawo, haruffa uku manya a sassaƙe, da sauran ruwan zinariya a cikin ramukansu. A kowace kusurwa an sassaƙa wata ƙaramar dabba mai buɗaɗɗun fukafukai.

"Baƙi suna son waɗannan 'yan tsuntsayen," in ji Raelene.

"Jemagu ne, 'yata," in ji Bernadette.

"Jemagu? Wa zai sa jemage a ƙofar kantinsa? Ni neman hanyar korarsu nake yi."

"Sunan jemage da sunan sa'a furucinsu ɗaya ne a harshenmu. Ba a iya zana sa'a, sai a zana jemage. Haka muke. Kifi yalwa ne, barewa albashi. Sauti ɗaya, abubuwa da yawa." Ba Raelene take kallo ba da ta faɗi haka. Ni take kallo.

Ni kuwa allon nake kallo. Na nuna harafin farko daga hagu. "Wannan ne Hing."

"Wannan 'kanti' yake nufi. Daga dama ake farawa, Malam. Shekara nawa kana koya wa 'ya'yan mutane karatu?"

Na koma dama. Hing, to. Na tsakiya shi ne Loong. Na matsa kusa, na sa tabarau, na cire, na sake sawa. Na roƙi tsani, Raelene ta kawo tana cewa in na faɗo ba ruwanta. Na hau har hancina ya kusa taɓa katakon, na bi ramin harafin da yatsa.

Harafin dodo na san shi kamar fuskata. Yana da cunkoso a hagu, a dama kuma wata doguwar lanƙwasa mai ƙananan zane uku kamar ƙaya a bayan kifi. Wannan ba shi ba ne. Ko kama ba su yi ba. Wani abu ne mai kunne a gefe ɗaya, tsayayye, mai kama da akawu.

Na sauko a hankali.

"Mai sassaƙar ya yi kuskure," na ce.

"Kakanka ya zauna ƙarƙashin kuskure har ya mutu bai lura ba?"

"To wata tsohuwar hanyar rubuta dodo ce."

"Ba dodo ba ne, Cedric."

Ba ta taɓa kirana da sunana ba sai ranar da aka yi wa Philomena tiyata. Raelene ta ce bari ta je ta ɗora ruwan shayi, ta tafi da sauri.

"Loong ne," in ji Bernadette, "amma ba naka ba. Wannan bunƙasa yake nufi. Hing Loong, ciniki ya bunƙasa. Addu'ar 'yan kasuwa ce. A Rabaul akwai kanti mai wannan suna, a Darwin akwai, duk inda Basine ya sayar da shinkafa akwai. Ba sunan gida ba ne. Wani Bature mai rajista ya tambayi kakanka sunansa, ko bai ma tambaya ba, ya ɗaga kai ya ji abin da ake kiran kantin, ya rubuta. Shi kuwa kakanka da kwastoma a gabansa, ina ruwansa."

"To mene ne sunan gidanmu?"

"Ina zan sani? Yana jikin kabarinsa."

"Ba shi da kabari. An tono ƙasusuwansa an mayar China, kamar yadda ake yi a lokacin."

"To ya tafi da shi."

Na fita daga rumfar na zagaya mangwaron. Na sake zagayawa. Wani jemage ya yi mini abin da Raelene ta yi gargaɗi a kai, a kafaɗa, ban ko goge ba. Ina tuna zoben aurena mai dodo. Ina tuna ɗanmu da ke Perth, wanda ya sa aka zana masa dodo daga wuya har ƙugu, uwarsa ta yi kuka mako guda. Ina tuna jawabin da na yi a ƙungiyar tarihi ta gari, tsaye a gaban mutane da sandar nuni, ina bayanin yadda talakan da ya zo haƙar kuza ya riƙe sunan sarauta a ƙasar da ta raina shi. An tafa mini. Philomena tana layin gaba, ita ma ta tafa.

Na dawo na tsaya a kan Bernadette, wadda ta samu kujera ta zauna abinta.

"Philomena ta sani," na ce.

"Tun kafin aurenku. Babanmu ya ji sunan ya ce, 'Wannan yaron kanti ne ko mutum?' Ya sa aka zo aka duba allon nan."

"Duk kun sani. A wajen bikin, duk teburan nan."

"Ba duka ba. Danginka ba su sani ba."

"Na gode. Hankalina ya kwanta."

"Kada ka yi mini baƙar magana, ni ba ɗalibarka ba ce. Ita ta hana a gaya maka. Ta ce mutumin da ba shi da harshe, ba shi da ƙauye, ba shi da kabarin kaka, a bar masa dodonsa. Ta ce ba ya cin abinci, ba ya damun kowa."

"Wa? Ni ko dodon?"

"Dodon. Kai ka dami kowa."

Raelene ta kawo shayi a tsofaffin kofuna masu takardar farashi a gindi, ta ajiye, ta gudu. Ban zauna ba. Na sha a tsaye, ya ƙone mini harshe.

"Ga abin da za a yi," in ji Bernadette, da muryar wadda ta gama shawara tun a gida. "Harafin dodo ba zai hau dutsen ƙanwata ba, domin ƙarya ne, kuma ba a yi wa matattu ƙarya a dutse. Wannan ma ba zai hau ba. Ka yi tunani, Malam. Ranar shara mutane su zo da furanni, su ɗaga kai su karanta 'ciniki ya bunƙasa' a kan kabari? Magulmatan nan 'yan gidan Chan za su yi dariya har su faɗa rami. A sa mata sunan babanmu, Seeto, da Sinanci. Kai a bar ka da Turanci, tunda shi ka iya."

Wato a mayar da ita gidan ubanta. Ta kwanta a can gefe cikin harshenta da danginta, ni a nan gefe cikin harshen mai rajista, dutse ɗaya, kamar baƙi biyu da aka haɗa ɗaki a otal.

"Da wannan kika zo tun daga Cairns," na ce.

"Da shi na zo."

"Me ya hana ki faɗa a can, ki huta da warin jemage?"

"Da za ka yarda? Kai da ka gyara wa Fadan coci Latin ɗinsa a tsakiyar jana'izar matarka?"

Ya yi kuskure ne, amma na bar maganar.

Na koma gaban allon. Daga ƙasa, yanzu da na daina neman dodo a ciki, na ga aiki ne mai kyau. Wanda ya rubuta ya danna a inda ya kamata, ya saki a inda ya kamata. Kakana, wanda ban san sunansa ba, ya biya wani ya rubuta masa abin da yake fata a duniya, kuma bai roƙi sarauta ba.

"Philomena me take cewa?" na tambaya ban juyo ba. "In ba na nan. In kuna dariyarku."

Bernadette ta ajiye shayinta.

"Ba dariya ba ce irin wadda kake nufi." Ta juya kofinta a kan faranti. "In na buga waya na ce yaya gida, sai ta ce ciniki yana bunƙasa. In kun yi faɗa ta ce yau kasuwa ba ta ci ba. Lokacin da ta samu cikin fari, bayan duk shekarun nan da likitoci suka ce ba za ta samu ba, ta kira Mama a Rabaul, layin yana ta ƙara, ta ɗaga murya ta ce, 'Mama, ciniki ya bunƙasa!' Mama ta saki wayar ta zauna a ƙasa."

Ina tsaye kusa da ita ranar. Na tuna ihun, na tuna na ji sunana a tsakiyar Sinancin. Na ɗauka cewa take yi ni ne uban, abin da na ga bai buƙaci sanarwa ba.

"A asibiti ma," in ji Bernadette, sai ta tsaya. Ta buɗe jaka ta rufe. "A asibiti ta ce mini in kula da kantin."

Na zauna. A kan wani akwatin kwalabe ne, ba daɗi, amma na zauna, kuma na daɗe a wurin.

"Za a sa shi," na ce.

"Za a sa me?"

"Abin da ke jikin allon. A tsakiya, a saman mu duka biyun. Ki sa Seeto a gefenta, haƙƙinta ne. Amma ta amsa wannan sunan fiye da rabin rayuwarta tana sane da ma'anarsa, ni ne kawai ban sani ba. Ba zan cire mata shi don 'yan gidan Chan ba."

"Za su yi dariya."

"Sun saba. Wannan karon ina ciki."

"Kai dai ba ka da kunya."

"Kanti ba ya kunya, Yaya."

Ta ɗaga sanda kamar za ta kai mini, sai ta nuna allon da ita. "In za ka yi abin kunya, ka yi shi daidai. Biyu na dama kaɗai. In ka bari yaron nan Bruno ya haɗa da na ukun, na rantse sai na tone ƙanwata na mayar da ita Rabaul. Hau ka ɗauki hoto. Ba haka ba, ka tsaya saitinsa! Hannunka rawa yake kamar na mashayi. Raelene! Zo ki karɓi wayar nan daga hannun tsohon nan."

Raelene ce ta ɗauki hoton a ƙarshe, ta kuma tura wa Bruno, domin ni ban iya ba. Ta tambaya ko za mu rubuta mata ma'anar a kati saboda baƙi. Bernadette ta ce ta rubuta da kanta, ta kuma sauke allon daga ƙofar bayan gida kafin ta mutu ta haɗu da mai shi.

A bakin titi na kira Bruno, wurin da waya ke kamawa.

"Malam Cedric, na ga hoto. Wannan ba shi ne ka zana mini ba."

"Yar da wancan. Biyu na dama za ka sassaƙa, yadda suke, daga dama zuwa hagu. Kada ka gyara komai, kada ka yi tunani."

"Ban taɓa yi ba, Malam, kai shaida ne. Har yanzu dodon ne?"

"A'a."

"To me yake cewa? Mutane suna tambayata, ina son in san abin da nake sassaƙawa."

Na gaya masa.

Ina jin injin yankan dutse yana kuka a bayansa, sai aka kashe shi.

"Malam," ya ce a hankali, "in na gama naku, ka yarda in yi wani in kafa a ƙofar shagona?"

Na ce ya tambayi Yaya Bernadette, na miƙa mata wayar ta tagar mota.